Kafin Ku Hau Titi Da Babur: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

A yawancin garuruwanmu, koyon babur aikin yammaci ɗaya ne. Yaro ya samu fili a bayan makarantar firamare, yayansa ko abokinsa ya nuna masa kuloci da giya da totur, ya zagaya bai faɗi ba, shi ke nan an ce ya iya. Washegari a aike shi kasuwa. Kafin wata ya zagayo ka gan shi ya goyo ƙannensa uku zuwa makaranta, yana kutsawa tsakanin tifa da adaidaita sahu. Babu wanda ya nuna masa yadda ake tsayawa cikin gaggawa, ko wa ke da hannu a shataletale, ko wuraren da direban babbar mota ba ya iya hango shi. An koya masa tayar da babur ne kawai. Zama da sauran ababen hawa a kan kwalta wani ilimi ne daban, kuma saboda wannan ilimin ne doka ta gindaya sharuɗɗan da da yawanmu ba mu taɓa jin labarinsu ba.

A Nijeriya, hukumar da ke kan gaba a wannan sha'ani ita ce Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Tana aiki ne da dokarta ta 2007 da kuma ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na 2012. Jihohi ma suna da nasu jami'an: 'yan VIO masu duba lafiyar abin hawa, KAROTA a Kano, KASTLEA a Kaduna. A wurin duk waɗannan, babur abin hawa ne cikakke, yana da lasin nasa, da lambarsa, da inshorarsa, da iyakar gudunsa.

Lasin tuƙi rukuni-rukuni ne, na babur shi ne rukunin A. Wanda ke da lasin ƙaramar mota bai mallaki izinin hawa babur da shi ba, sai ya nemi wancan. Ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Ke nan uban da ya miƙa wa ɗansa ɗan shekara goma sha uku makulli ya ce je ka sayo ƙanƙara, ya saɓa doka tun kafin yaron ya fita daga lungu. Hanyar samun lasin kuwa ba ɓoyayyiya ba ce: mutum ya yi horo a makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, jami'in VIO ya gwada shi, ya cike takarda da lambarsa ta ɗan ƙasa, ya biya kuɗi, sannan ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ana fara ba shi na wucin gadi mai kwana 60, daga baya na dindindin ya fito, na shekara uku ko biyar. Duk wanda ya ce maka kawo hoto da kuɗi gobe zan kawo maka lasin har gida, ka yi hattara, ta irin wannan hanyar jabu ke shiga hannun mutane. Ko da ma na gaske ne ya kawo, ya raba ka da abin da ya fi katin amfani, wato gwajin.

To me ake koya a horon da ba a koya a filin makaranta? Abu na farko birki.

Akwai wata magana da ta zauna a kan masu babur da yawa, cewa birkin gaba kayar da mutum yake yi, don haka ƙafa kaɗai ake takawa. Wasu har sassauta na gaban suke yi ya zama ado. Wannan kuskure ne mai kisa. Idan aka taka birki, nauyin babur da na mahayinsa gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa ta riƙe ta da ƙarfi, ta baya kuma ta yi sakayau. Shi ya sa mafi yawan ƙarfin tsayawa, kusan kashi 70 cikin 100, daga birkin gaba yake fitowa. Wanda ya dogara da na baya kaɗai zai ji tayar ta kulle tana jan ƙasa, bayan babur yana wutsil-wutsil, shi kuma yana ci gaba da nufar abin da yake gudu. Abin da ke kayar da mutum shi ne fizgar birkin gaba lokaci guda cikin firgici, musamman idan kan babur a karkace yake ko akwai yashi a ƙasa. Ana matsa shi ne a hankali da farko, nauyi ya sauka kan tayar, sannan a ƙara matsawa, ƙafa kuma tana taimakawa da na baya. Hannu ba ya koyon wannan ranar da akuya ta faɗo titi. Sai an maimaita shi a fili, da ƙaramin gudu, har ya zama jiki. Haka ma kwana: ana rage gudu ne kafin a shige ta, ba a tsakiyarta ba, ido kuma ya kalli inda ake so a fita, domin babur inda mahayi ke kallo yake bi. Wanda ya ƙura wa rami ido, cikin ramin zai faɗa.

Daga birki sai gudu, don su biyun ba sa rabuwa. Littafin ƙa'idojin hanya na Nijeriya ya yanke wa babur kilomita 50 a sa'a, a cikin gari da kan hanyar da ta fita gari duka. Na san da yawa za su ce ai wannan tafiyar hawainiya ce. Amma a yi lissafi. Mai gudun kilomita 50 yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Tsakanin ido ya ga haɗari da hannu ya kai ga birki, daƙiƙa guda ta wuce ko fiye, wato ya riga ya ci mita 14 bai ma fara tsayawa ba. Nisan da birki ke buƙata kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi. Karo da abu tsayayye a kan kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma, kamar saman bene mai hawa uku. Wanda ke cikin mota yana da ƙarfe da bel da ke karɓar wani kaso na bugun. Mai babur ba shi da komai tsakaninsa da kwalta sai abin da ya sa a jikinsa.

Saboda haka ake son tazara. Ka lura da wata alama a bakin hanya, turken lantarki ko bishiya; idan motar gabanka ta wuce ta, ya zama ka ƙirga daƙiƙa biyu cikakku kafin kai ka iso. Idan ana ruwa, ka ninka. Ruwan farkon damina ya fi kowanne santsi, domin yana taso da man da motoci suka ɗiga duk tsawon rani. Lokacin hunturu kuma hazo ne ke rage nisan gani, ga yashin da iska ke tarawa a gefen kwalta, daidai inda masu babur suka fi bi.

Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, wanda ke nufin ta hagu ake wuce abin hawa. Kutsawa ta dama, tsakanin mota da kwata, ita ce hanyar da ake gamuwa da ƙofar da fasinja ya buɗe ko motar da ta karyo ba zato. Mafi muni shi ne jerawa da tirela ko tanka. Direbanta yana zaune can sama, akwai wurare a gefensa na dama, da gab da hancin motar, da bayanta, da ba ya ganin komai ko da ya duba madubi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan ba ka hango fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Kuma doguwar mota idan za ta karya dama sai ta fara buɗewa hagu. Mai babur ya ga fili ya buɗe ya ce ga hanya, ya shiga, tayoyin baya su rufe filin da shi a ciki. A shataletale, wanda ya riga ya shiga shi ke da hannu. Aron hannu don gudun zagaye mai nisa, da tsallake danja idan ba a ga jami'i ba, waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani, kowa ya san abin da suke haifarwa.

Yawancin direbobin da suka buge mai babur a mahaɗa abu ɗaya suke faɗa: wallahi ban gan shi ba. Sau da yawa gaskiya suke faɗa. Babur siriri ne, ido yana tsallake shi, kuma da wuya a ƙiyasta gudunsa daga nesa. Shi ya sa kunna fitila da rana ba ɓarnar batir ba ne. Indiya, inda ake ƙera yawancin Bajaj da TVS da ke titunanmu, ta wajabta tun Afrilun 2017 cewa duk sabon babur da za a sayar a can fitilarsa ta kasance a kunne muddin inji na aiki. Riga mai haske da dare, fitilar baya mai aiki, sigina da ake kunnawa kafin a karya ba bayan an karya ba, duk aikinsu ɗaya ne, su sa a gan ka. Madubi kuwa, yana ba ni takaici yadda samari ke kwance shi ranar da aka sayo babur, wai ya fi kyau a haka. Wanda ba shi da madubi dole ya waiga, a daƙiƙar da ya waiga kuma ya ci mita 14 bai ga gabansa ba.

Yanzu sai hular kwano, wadda a kanta muka fi taurin kai.

Ranar 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta sa ta a faɗin ƙasa, ga mai tuƙi da wanda ya goyo. Waɗanda suka shaida lokacin za su tuna abin da ya biyo baya: farashinta ya yi tashin gwauron zabi, wasu 'yan acaɓa a Kano suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya, wasu robar fenti, labarin har ya kai kafafen watsa labaran duniya. An yi dariya, kamen ya yi sanyi, aka koma gidan jiya. Dokar dai tana nan ba a soke ta ba, kuma jadawalin laifuffuka na dokar 2007 ya sa tarar naira 2,000 ga wanda ya hau babu ita. Amma tara ba ita ce abin tsoro ba. Ƙashin ƙafa idan ya karye ana ɗora shi, ko a asibitin ƙashi na Dala da ke Kano ko a wani wurin, mutum ya warke ko da da ɗingishi. Ƙwaƙwalwa ba ta ɗoruwa. Idan kai ya bugi kwalta, ƙoƙon kai ya tsaya cak, ita kuma ta ci gaba da tafiya ta bugi ƙashin daga ciki, jijiyoyi su tsinke, jini ya taru inda ba shi da mafita. Wanda ya rayu yana iya tashi da farfaɗiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ya koma ba ya gane 'ya'yansa. Nazarin da ya tattara bincike da dama daga ƙasashe daban-daban ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69.

Ba kowace hula ce hular kwano ba. Irin ta leburorin gini an yi ta ne don dutsen da zai faɗo daga sama, ba ta da abin da zai shanye bugu, kuma ita ke fara tashi kafin mutum ya kai ƙasa. Ta gaskiya tana da ɓawo mai tauri a waje, sannan wani farin soso mai ƙarfi da kauri a ciki. Wannan soson shi ne hular. Shi ke murƙushewa ya karɓi bugun a madadin kai, kuma sau ɗaya yake yin aikin. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama amfani ko da ba a ga tsaga a jikinta ba, wannan ne ya sa sayen ta gwanjo caca ce. A duba tambarin inganci, irin su ECE na Turai ko DOT na Amurka, tare da sanin cewa ana buga na jabu, don haka a sa hannu a taɓa kaurin soson. Wadda ta rufe har haɓa ta fi kariya, domin da fuska ake yawan sauka. Ta zauna daram a kai ba ta juyawa, a kuma ɗaure igiyarta yadda yatsa ɗaya ko biyu kaɗai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Wadda ba a ɗaure ba, da ita da babu duk ɗaya. Wadda aka rataye a hannun babur sai an hango jami'ai kuwa, jami'an take karewa daga wahalar rubutu, ba mai ita ba.

Uzurorin da ake kawowa ba duka ne na banza ba. Zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba wasa ba ne, mai kyau tana da tsada, fasinja kuma yana ƙyamar sa abin da kawuna ɗari suka yi gumi a ciki. Amma ƙasar Biyetnam ma tana da zafi, babura sun fi motoci yawa nesa ba kusa ba, kuma da ta tilasta dokar a Disambar 2007 kusan kowa ya sa cikin ɗan lokaci, saboda an tanadi huluna masu sauƙin kuɗi kuma ba a sassauta kamen ba. A Kigali ta Ruwanda, ɗan acaɓa yana yawo da hula biyu, tasa da ta fasinja, ga riga mai lamba, kuma mutum ɗaya yake ɗauka. Maganar ƙyama kuwa, hula ko ɗankwali a ƙarƙashi sun raba gardama, wanda kuma kullum a babur yake zuwa aiki ya mallaki tasa. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, su ɗin dai suna kulle shagonsu da kwaɗo biyu idan dare ya yi.

Ƙa'ida ta yarda da goyon mutum ɗaya ne. Kowane ƙarin nauyi yana tsawaita nisan birki, yana sauƙaƙa tayar gaba, yana tura mai tuƙi kan tanki inda ba ya iya juya hannu yadda ya kamata. Yaron da ƙafarsa ba ta kai matakin ba bai isa a goya shi shi kaɗai ba, wanda aka ɗora a kan tanki kuma shi ne farkon wanda zai bugi duk abin da aka yi karo da shi. Akwai kuma wani haɗari da ya shafi suturarmu. Bakin hijabi, mayafi, zane, abaya ko hannun babbar riga, idan ya sauka sai sarƙa ko wayoyin taya su kama shi, su fizgo mutum ta wuya cikin ƙiftawar ido. Mata da yawa sun ji mummunan rauni ta haka a kan tafiyar da ba ta kai ta minti biyar ba. Kafin a tashi, a tattare tufafi a danne a cinya, kuma haƙƙin mai tuƙi ne ya waiga ya ce, "Hajiya, a ɗan tattare hijabin," ya tabbatar an yi. Silifas ba takalmin babur ba ne, yatsun ƙafa da idon sawu su ke fara taɓa ƙasa.

Shi kansa babur ɗin yana son dubawar minti biyu kowace safiya: iskar taya da zanenta, birki gaba da baya, fitilu, sarƙa kada ta yi sako-sako ko ta ɗaure tamau, da man inji. Tayar da ta suɗe ta zama sulɓi ba ta riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta, komai ƙwarewar mai tuƙi. Waya a kunne ko a maƙale cikin hula laifi ne. Ƙwaya irin tiramadol da wasu ke sha don su jure dogon aiki tana rage saurin hankali tana kuma ƙara ganganci, ga ta da jawo jijjiga ba sanarwa. Guje-gujen rakiyar amarya, da ɗaga taya, da kwanciya a kan babur, waɗannan iyaye da masu unguwanni sun fi kowane jami'i ikon hana su.

Takardu biyu suka rage. Lamba, wadda ita ce shaidar cewa babur ɗin naka ne idan an sace ko an kama, da inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Wannan inshorar wajibi ce, kuma tun Janairun 2023 kuɗinta na babur naira 3,000 ne a shekara, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan ɗaya. Mai babur da ya taɓa fasa fitilar motar wani ya san darajar wannan. A saye ta a wurin kamfani mai rajista, don ta bakin tasha sau da yawa takarda ce kawai.

Sai kuma a san cewa dokar jiha tana iya fin ta tarayya tsanani. An hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja tun 2006. An hana babura a Maiduguri a 2011 saboda tsaro. Kano ta hana goyo a cikin birni a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Legas, inda dubban matasanmu ke zuwa neman abinci da babur, ta haramta acaɓa daga 1 ga Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere, Apapa da Eti-Osa, daga baya ta ƙara wasu, kuma baburan da aka kama murƙushe su ake yi. Matashin da zai sayar da gona ko ya karɓi babur bashi ya nufi kudu, ya fara tambayar inda aka yarda a yi aiki kafin ya hau mota.

Idan kuma haɗarin ya auku, abin da mutanen wurin suka yi a mintunan farko yana da nauyi ƙwarai. Mun saba da rugawa a ɗaga mutum a zaunar da shi, a fizge hular, a ɗura masa ruwa. Duk ukun suna iya ƙarasa shi. Idan ƙashin wuya ya tsage, juyi ɗaya ya isa ya shanye masa jiki har abada, ruwa kuma yana iya bi ta hanyar numfashi. A fara tare motocin da ke tahowa, a bar shi a kwance, wani ya riƙe kansa daidai da jikinsa, kada a cire hular sai in ta hana shi numfashi. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. A kira 122, lambar FRSC ta kyauta, ko 112. Idan dole sai an ɗauke shi, mutane da yawa su ɗaga shi a miƙe, kai da wuya da baya a layi ɗaya, ba a naɗe shi a bayan wani babur ɗin ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, dokar FRSC ma ta sa tara a kan asibitin da ya mayar da wanda ya yi haɗari.

Wanda ya bugu a ka ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce lafiyarsa ƙalau, shi ma a kai shi a duba. Jini yana iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai, mutum yana magana yana dariya na wasu sa'o'i kafin ya faɗi. Idan ya koma gida, kada a bar shi shi kaɗai a daren. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake tashinsa da ƙyar, ruɗewar magana, jijjiga, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci, ko ɗaya aka gani a tafi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.